BUNUNI DA ZUMUNTAR TSIRRAI: NAZARI A KAN DANGIN ROGO DA TINYA





GABATARWA

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi wata tambaya mai sauƙin yi, mai wuyar amsawa, watau ta yaya ake sanin cewa wannan tsiro ɗan'uwan wancan ne. Zan ɗauki dangi guda in yi misali da shi, dangin da masana tsirrai ke kira Euphorbiaceae, wanda a nan zan riƙa kira dangin tinya. Babu wanda ke zaune a ɗakin nan da bai san 'ya'yan wannan dangi ba, ko da bai taɓa jin cewa 'yan'uwa ne ba. Rogo yana ciki, da zurma, da bini da zugu, da koriba, da aguwa, da ƙerana, da fid da sartse, da nonon kurciya, da ita tinyar kanta. Itacen roba ma, wanda ake shukawa a kudancin Nijeriya, ɗan dangin ne.

Wani zai ce ina ruwan malamin Hausa da wannan magana, ai aikin 'yan kimiyya ne. To, rarraba abubuwa kashi-kashi da raɗa musu suna aikin harshe ne tun kafin ya zama aikin kowa. Bahaushe ya daɗe da raɗa wa waɗannan tsirrai suna bisa abin da ya gani suna yi masa. Masanin tsirrai kuwa yana raɗa musu suna bisa asalinsu. Abin da nake son nunawa shi ne, ɗaya daga cikin manyan shaidun da aka kafa wajen tabbatar da wannan asali wata ƙura ce da ido ba ya iya rarrabe ƙwayarta, kuma shi wannan shaida, duk da gaskiyarsa, sai da aka tantance maganarsa kamar yadda alkali ke tantance ta kowane shaida.

SUNAYEN DA BAHAUSHE YA RAƊA

Mu fara da sunayen gida. Wanda ya ce bini da zugu, ko cini da zugu, gargaɗi ya yi, domin zugu shi ne farin ƙyallen saƙi da ake yi wa mamaci likkafani da shi. Ma'ana, wanda ya ci 'ya'yan wannan itace a tanadi likkafaninsa. Fid da sartse kuwa aikinta aka faɗa, don ana shafa nononta inda sartse ya maƙale. Zurma ana ce mata cika gida saboda saurin yaɗuwarta a bayan gida da kan juji. Nonon kurciya 'yar ƙaramar ciyawa ce mai tsatso farin ruwa idan an karya ta. Geron tsuntsaye 'ya'yansa ƙanana ne, jere a ƙarƙashin ganye. Jan yaro launin jikinsa aka duba.

Waɗannan sunaye ilmi ne na gaske, kuma baƙi sun amfana da shi. Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sa'an nan a 1937 ya buga babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Daɗin daɗawa, a shekarun 1970 da masu binciken magunguna a Landan suka tace wani dafi mai tsananin zafi daga nonon tinya, sai suka sa masa suna tinyatoxin. Kalmar Hausa ke nan ta shiga littattafan kimiyya na duniya.

Amma fa sunan gida ba ya gaya mana wa ya haifi wa. Babu abin da ke cikin kalmar rogo da zai nuna yana da alaƙa da bini da zugu, haka kuma babu abin da ke cikin geron tsuntsaye da zai nuna ba shi da haɗi da gero. Wannan ba aibi ba ne, don ba domin wannan aka raɗa sunayen ba.

ABIN DA AKE NUFI DA BUNUNI

Manomi yakan ce gero ya yi bununi idan zangarniya ta rufe da wani ɗan gari mai launin ɗorawa, wanda ke tashi idan iska ta kaɗa. Wannan gari shi ne irin namiji na tsiro. Sai ya faɗa a kan sashen mace na fure kafin ƙwaya ta ƙullu. Ina ba da shawara mu faɗaɗa wannan kalma ta manoma ta rufe garin kowane fure, tun da dai muna da ita, ba sai mun yi aro ba.

Sanin aikin bununi tsohon abu ne wajen masu dabino. Mutanen Madina suna barbarar dabinonsu da hannu tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma har yanzu haka ake yi a dausayin Kawar da na Ingal a ƙasar Nijar. Sai dai tabbatar da abin ta hanyar gwaji a rubuce ya zo ne a 1694, daga wani malamin jami'ar Tubingen ta ƙasar Jamus mai suna Rudolf Camerarius. Cikin tsirran da ya yi gwaji da su har da zurma. Ya tsinke furanninta maza tun ba su buɗe ba, sai ga 'ya'yan sun fito holoƙo, babu ƙwaya mai tsira a ciki. Kun ga ke nan dangin tinya na cikin wannan labari tun daga farkonsa.

Ƙwayar bununi ana auna ta da maikiron, watau kashi 1 cikin 1000 na milimita. Kaurin gashin kan mutum yakan kama daga maikiron 50 zuwa 100. Kowace ƙwaya tana da tantani mai laushi daga ciki, da ɓawo mai tauri daga waje. Shi wannan ɓawo an gina shi da wani sinadari da ke cikin mafi juriya a dukan abin da mai rai ke yi, har yakan shekara dubbai a cikin laka bai ruɓe ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Erdtman, ya tsara hanyar wanke bununi da asid tun a shekarun 1930, ya kuma gyara ta a 1960. Akan haɗa kashi 1 na asid ɗin salfa, watau uwar ruwan batir, da kashi 9 na wani sinadari ɗan'uwan tsamin khal, a dafa bununi a ciki. Kome ya narke, sai ɓawon kaɗai ya rage, tas, a aza shi ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Abu uku ake dubawa a jikin ɓawon. Na farko girmansa da siffarsa. Na biyu mafitar da aka bar wa ƙwayar don ta tsiro, wadda takan zama doguwar tsaga, ko zagayayyar huda, ko tsaga mai huda a tsakiyarta, ko kuma ba ta nan sam. Na uku adon da ke kan ɓawon, ko raga, ko ƙaya, ko ƙuraje. Dattawan da ke nan sun san zamanin da ake duban fuskar mutum a kasuwa a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, wancan kuma Babarbare, saboda askar da wanzami ya yi masa. To, tsagar bununi ita ce askar gadon tsiro. Fari ko damina, taki ko rashinsa, sukan sauya tsawon tsiro da faɗin ganyensa, amma da wuya su taɓa wannan aska.

DALILIN DA YA SA DANGIN TINYA YA YI WUYAR RABO

Sunan dangin yana da tushe a Afirka. Sarki Juba na Biyu, wanda ya mulki ƙasar Muritaniya ta dā, watau yankin Maroko da yammacin Aljeriya na yanzu, kimanin shekara 2000 da suka wuce, ya raɗa wa wata 'yar'uwar ƙerana da ke tsirowa a duwatsun Atlas sunan likitansa Euphorbus. Linnaeus ya riƙe sunan a littafinsa na 1753, sa'an nan Antoine Laurent de Jussieu na Faransa ya kafa dangin baki ɗaya a 1789. A yadda aka daɗe ana lissafa shi, dangin ya ƙunshi gidaje wajen 300 da iri wajen 7,500. Gidan Euphorbia kaɗai, inda tinya da aguwa da ƙerana da nonon kurciya suke, yana da iri wajen 2,000.

Wahalar ita ce alamun da ido ke gani ba su da amana a wannan dangi. Mu ɗauki nono. Tinya tana da farin nono mai ƙuna, rogo ma yana da nono, amma zurma ba ta da shi, alhali 'yar dangi ce. Tumfafiya kuwa da baure da gamji duk suna da nono, kuma babu ɗan dangi ko ɗaya a cikinsu. Mu ɗauki siffa. Ƙerana mai kauri ce, mai ƙaya, ba ta da ganye sosai, ta yi kama da kaktus na hamadar Amurka kamar an tsaga kara, amma ba abin da ya haɗa su sai zaman fari. Ita kuma nonon kurciya, wadda ke rarrafe a bakin hanya, gidansu ɗaya da ƙerana. Mu ɗauki fure. Furannin dangin ƙanana ne ƙwarai, maza daban mata daban, sau da yawa ba su da ko kunnuwa masu launi. Abin da ake zato furen tinya ne guda, wani ɗan ƙoƙo ne mai ɗauke da furanni maza da yawa kewaye da mace ɗaya, har Linnaeus da kansa ya ɗauka fure guda ne.

Abin da ya fi haɗa su shi ne ɗa mai ɗaki uku, wanda idan ya bushe yakan fashe ya watsa iri. Masanan ƙarni na 19 sun lura kuma cewa a wasu akwai ƙwai biyu a kowane ɗaki, a wasu kuwa ƙwai ɗaya. Wannan ya raba dangin gida biyu, amma bai isa ya tsara dubban iri ba. A nan ne aka nemi sabon shaida.

ABIN DA MADUBI YA NUNA

A 1952 Erdtman ya buga babban littafinsa a kan siffar bununi da rabon tsirrai masu fure. A ciki ya bayyana wani ado da ya gani a bununin gidan Croton, gidan da koriba take. Adon kuwa shi ne, a kan ɓawon akwai 'yan turaku ƙanana, kan kowane yana da kusurwa uku, sun jeru biyar-biyar ko shida-shida suna kewaya wani ɗan fili, kamar mutane zaune a kewaye da akushi, kuma kowane turke yana cikin da'ira fiye da ɗaya. Tun daga nan ake kiran wannan ado zanen Croton. A nan mu kira shi zanen koriba.

Bayan shekara goma, a 1962, Willem Punt na jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ya buga nazarin bununin dangin tun daga wannan gefe har zuwa wancan. A 1965 Egon Köhler na Jamus ya bi masu ƙwai biyu daki-daki. A wannan shekara ce kuma aka fara sayar da madubin lantarki mai nuna fuskar abu, wanda ya sa ana ganin turakun nan ɗaya-ɗaya. Da waɗannan bayanai, haɗe da na ƙwai da na nono, Grady Webster na jami'ar Kalifoniya ya raba dangin reshe biyar a 1975, ya sake gyara rabon a 1994.

Reshe na farko shi ne na geron tsuntsaye, da tsa, da kirni, da kafafago. Ƙwai biyu ne a ɗaki, ba su da nono. Bununin yawancinsu mai tsaga uku ne da raga, amma gidan Phyllanthus, watau na geron tsuntsaye, yana da siffofin bununi barkatai, daga mai tsaga uku zuwa mai tsage-tsage da yawa zuwa mai huda ko'ina.

Reshe na biyu ma ƙwai biyu ne, sai dai bununinsu yana da ƙaya kamar bushiya. Wannan ƙaya ce ta sa aka ware su. An sa wa reshen sunan itacen Oldfieldia na kurmin Saliyo da Laberiya.

Reshe na uku shi ne na zurma da bambami. Ƙwai ɗaya ne, ba nono. Bununin zurma ƙarami ne, wajen maikiron 30, mai tsaga uku, kowace da huda a tsakiya, busasshe mara nauyi. Dalili kuwa iska ce ke ɗaukarsa. Jakar bununin takan fashe ta watsa shi sama, shi ya sa yakan tayar wa wasu mutane mura da asma.

Reshe na huɗu shi ne na zanen koriba, kuma a nan ne abin ya fi ban sha'awa. Bununin rogo ƙato ne, ya wuce maikiron 100, yakan kusa 150, watau ya ninka na zurma sau huɗu ko biyar. Yana da danƙo, ƙudan zuma ne ke ɗaukarsa, kuma yana da hudoji warwatse a ko'ina. Na itacen roba yana da tsaga uku. Na bini da zugu da na koriba kuwa ba tsaga ba huda, ɓawo ne kawai a rufe, ƙwayar tana iya tsirowa ta kowane gefe. Amma dukansu suna ɗauke da zanen koriba ko wani sauyi nasa. Joan Nowicke ta cibiyar Smithsonian a Amurka ta bi wannan reshe da madubin lantarki a nazarinta na 1994. Abin lura a nan shi ne, wanda ya dubi ganye mai yatsu zai haɗa rogo da zurma, amma bununi ya raba su, ya kai rogo kusa da bini da zugu da itacen roba.

Reshe na biyar shi ne na tinya, da aguwa, da ƙerana, da fid da sartse, da nonon kurciya. Ƙwai ɗaya, farin nono mai ƙuna, bununi mai tsaga uku da huda, ɓawo mai ƙananan ramuka ko raga, ba zanen koriba. Ƙatuwar ƙerana da 'yar ciyawar bakin hanya askarsu ɗaya.

INDA SHAIDA YA YI TUNTUƁE

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Wannan magana ta hau bununi kamar yadda ta hau ganye. Zan kawo misali biyu, duka daga dajinmu.

Makiyaya sun san tururibi, wanda ke fitowa da fure mai launin ɗorawa bayan an ƙone daji, kuma yakan kashe dabbar da ta ci shi. Bununin danginsa yana da zanen koriba sarai, da hudoji ko'ina kamar na rogo. Wannan na cikin abin da ya sa wasu masana suka yi zaton dangin biyu makusanta ne. Yanzu an tabbatar tururibi yana ƙabila ɗaya da auduga da kuka da kuɓewa da rama, nesa da rogo. Zanen ya ɓullo ne sau fiye da ɗaya, a gidaje dabam-dabam.

Misali na biyu jan yaro ne. Furanninsa maza suna reto kamar jela, ɗansa yana da fukafukai, bununinsa mai huda ne, sumul, ya yi kama da na zuwo. Saboda haka a 1965 Airy Shaw na lambun Kew a Ingila ya fid da shi daga dangin tinya ya ba shi dangi nasa na kansa. Daga baya aka gano cewa ɗan'uwan kirni da tsa ne. Abin da ya faru shi ne iska ce ke yi masa barbara, kamar zuwo, kuma duk bununin da zai hau iska tilas ya zama ƙarami, sumul, mara nauyi. Sana'a ɗaya ce ta sa musu riga ɗaya.

Wanda ya warware waɗannan shi ne shaida na uku, watau sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA. Daga shekarun 1990 aka soma karanta shi ana gwada na wannan tsiro da na wancan. A 2003 ƙungiyar masanan da ke tsara rabon tsirrai masu fure ta amince a fid da rassa biyun farko na Webster, kowane ya zama dangi mai zaman kansa. Saboda haka a yau geron tsuntsaye da tsa da kirni da kafafago da jan yaro suna dangin Phyllanthaceae, masu bununi mai ƙaya kuma suna Picrodendraceae. A 2005 Kenneth Wurdack da Petra Hoffmann da Mark Chase suka buga nazarin masu ƙwai ɗaya, suka nuna cewa reshen zanen koriba ba tsatso guda ba ne, ya kasu huɗu.

To, shin bununi ya yi shaidar zur ke nan? Ko kusa. Mu dubi yadda kasuwar ta kasance. Rogo da itacen roba sun faɗa tsagi ɗaya. Koriba da bini da zugu da sauran waɗanda bununinsu ba shi da mafita sun faɗa wani tsagin, har masana suna kiran wannan tsagi da sunan siffar bununinsa. Masu ƙaya da Köhler ya lura da su sun tabbata jama'a guda. Zurma ta tabbata ba ta reshen rogo. Abin da sabon shaida ya yi shi ne ya tabbatar da yawancin maganar tsohon, ya gyara masa inda ya haɗa abin da bai kamata ba. Darasin shi ne ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Sai an haɗa na ƙwai da na nono da na bununi da na sinadarin gado, a ga inda bakinsu ya zo ɗaya.

AMFANIN WANNAN ILMI

Ma'aikatan gona da na daji da ke nan suna da haƙƙin tambaya, mene ne ribar duk wannan. Zan kawo abu huɗu.

Na farko abinci. Asalin rogo kudancin Amazon ne a ƙasar Birazil, Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16. Nijeriya ta fi kowace ƙasa nomansa, wajen tan miliyan 60 a 2022. Da yake kara ake dasawa, manomi bai damu da furensa ba, amma sabon iri ba ya samuwa sai ta fure. A shekarun 1930, da cutar nanƙwashewar ganye ta addabi rogo, masu bincike a tashar Amani ta Tanganyika suka haɗa shi barbara da wani ɗan gidansu na daji mai suna Manihot glaziovii, wanda ke jure cutar. Zuriyar wannan haɗi ta iso Ibadan, kuma daga cikinta ne cibiyar IITA, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da ire-iren da ake kira TMS a shekarun 1970, ƙarƙashin jagorancin S. K. Hahn. Barbara ba ta kamawa sai tsakanin makusanta. Wanda bai san ɗan'uwan rogo ba bai san inda zai nemo masa magani ba.

Na biyu lafiya. Dafi yakan bi jini. Ƙwayar zurma tana da dafin da ake kira risin. Rogo mai ɗaci yana fid da sayanaid idan ba a jiƙa shi an sarrafa shi sosai ba. Bini da zugu da gidan koriba da gidan tinya suna da wasu sinadarai 'yan'uwan juna masu ƙona fata da hanji, nonon tinya kuwa yakan lahanta ido. Idan aka san tsiro ɗan wane gida ne, an san abin da za a yi tsammani daga gare shi tun kafin a kai shi baki ko a ba mara lafiya.

Na uku tarihin ƙasa. Tun da ɓawon bununi ba ya ruɓewa, lakar da ke ƙarƙashin tafki tana ajiye shi hawa-hawa, shekara bisa shekara. Farfesa M. A. Sowunmi ta jami'ar Ibadan ta buga siffofin bununin itatuwan Nijeriya tun 1973. Jean Maley na Faransa ya yi nazarin lakar yankin tafkin Cadi. Ulrich Salzmann da abokan aikinsa sun haƙo lakar tafkin Tila da ke tudun Biu, da ta dausayin ƙasar Manga a arewacin jihar Yobe. A lakar da ta kwanta shekara 10,000 zuwa 7,000 da suka wuce sun sami bununin gidan kafafago da na bambami, itatuwan da ke son ruwa, a wuraren da yau wasunsu tudun rairayi ne. Ba a iya karanta wannan labari sai wanda ya san askar kowane gida.

Na huɗu ciniki. Zuma tana ɗauke da bununin furannin da ƙudan ya ziyarta, don haka madubi yakan faɗi inda ta fito, ya kuma tona asirin wadda aka yi wa haɗi. A Maroko zumar 'yar'uwar ƙerana ta yankin Tadla da Azilal, mai ɗan zafi a maƙogwaro, tana da rajista ta musamman da sunan yankinta, kuma bununi na cikin abin da ake tabbatar da ita da shi.

KAMMALAWA

Shugaba, jama'a, mun ga cewa sunan Hausa yana faɗin abin da tsiro ke yi wa mutum, bununi kuma yana faɗin gidan da tsiron ya fito. Kowanne yana da muhallinsa, kuma muna bukatar duka biyun. Matsalar da muke ciki ita ce masu sanin na farko tsofaffi ne, suna ƙarewa, masu sanin na biyu kuwa ba su cika rubutu da Hausa ba. Suna ɗaya yakan hau tsiro biyu ko uku, tsiro ɗaya kuma yakan amsa wani suna a Sakkwato, wani a Damagaram, wani a Bauci. Likita ko malamin gona da ya dogara da suna kaɗai yana iya yi wa rogo kallon kitse.

Saboda haka ina kira ga ɗaliban Hausa, idan sun fita tattara sunayen tsirrai, kada su dawo da suna tsirara. Su haɗo da reshe mai ganye da fure da ɗa, su rubuta gari da wata da abin da mutanen wurin suka ce ana yi da shi, su kai wa abokansu na sashen nazarin tsirrai a busar a ajiye, a kuma ɗebi bununinsa a aza a gilashi. Ina kira ga ma'aikatun gona da na daji su ba malamansu na ƙauyuka umarnin taimaka wa wannan aiki, domin su ne suka san inda tinya da koriba da tururibi suke. Ina kira kuma ga ma'aikatar ilmi da masu rubuta littattafan makaranta su zauna da malaman harshe a daidaita kalmomi irin su bununi da ɓawo da tsaga da huda, yadda yaron da ya taso yana ganin gero na bununi a gonar ubansa zai gane cewa abin da ake koya masa a aji shi ne abin da ya baro a gona.